Riƙe Tsohuwar Motar Soja a Kwali: Fa'idodi da Illoli

A Ingila da Jamus da Amurka akwai mutanen da ba abin da ke ɗebe musu kewa ranar hutu kamar kwanciya a ƙarƙashin tsohuwar motar soja da sifana a hannu. Sukan saye ta a gwanjo, su kwance ta ƙusa-ƙusa, su wanke, su mayar, su yi mata fenti irin na ranar da ta fito daga masana'anta, sannan su kai ta wurin baje koli a yi kallo. Amurkawa suna da ƙungiyar masu wannan sha'awa, MVPA, tun 1976. A gundumar Kent ta Ingila an shafe shekaru ana wani taro mai suna War and Peace, inda irin waɗannan motoci suka riƙa cika fili. A Jamus kuwa kamfanin gwamnati VEBEG ne ke sayar da kayan da sojoji suka gama da su, kuma daga irin wannan gwanjo na Turai ne motoci da yawa suka hau jirgin ruwa zuwa Kwatano da Legas.

Da suka iso nan, ba baje koli suka tarar ba, aiki suka tarar. Dangantakarmu da motar soja daɗaɗɗiya ce. Mazan jiya da suka je Bama a runduna ta 81 da ta 82 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu a soja suka koyi tuƙi da gyara, kuma da aka sallame su bayan 1945 suka shiga harkar sufuri. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ƙara cika ƙasar da manyan motoci da direbobinsu. Daga baya gwamnati ta kafa masana'antun harhaɗa motoci: Steyr a Bauci, wadda ta yi wa sojoji aiki sosai, da ANAMMCO a Inugu da aka buɗe a 1980 tana harhaɗa Mercedes, da ta Fiat a Kano, da Leyland a Badun. Motar da ta gama hidimar bariki, ko ta gida ko ta Turai, ƙarshenta dakon itace ne, ko yashi, ko gawayi, ko doya. Mai son ya riƙe ta don sha'awa kawai a garinmu sai ya fara amsa tambayar maƙwabta: “To Alhaji, me take kawowa?”

Tambayar ba ta raini ba ce, kuma a Kwali ta fi nauyi. Ƙaramar hukumar, wadda aka ƙirƙiro a 1996, tana kan babban titin Abuja zuwa Lokoja, tsakanin Gwagwalada da Abaji. Wanda ya wuce a guje kwalta kawai zai gani. Amma ƙasar Kwali ta kai murabba'in kilomita 1,200, kuma arzikinta na can ciki, a gonakin Gbagyi da Ganagana da Bassa da Hausawa da rugagen Fulani, wajen Yebu da Ashara da Wako da Gumbo da Kundu da Pai. Daga Yuli zuwa Satumba, idan ruwa ya kankama kuma rafukan da ke zuba a Gurara suka cika, wasu hanyoyin ƙauye sukan koma kwatami. A nan ne fa'ida ta farko ta motar soja take, kuma ita ce mafi girma. An ƙera ta ne don inda babu hanya. Ƙafafunta huɗu ko shida duk suna ja. Tana da ƙaramar giya ta ƙarfi, wadda ke sa ta rarrafa a taɓo ba tare da ta ƙone kuloci ba. Wasu suna da makullin aksil, ta yadda ko taya ɗaya ta rataye a iska sauran za su ci gaba da turawa. Unimog ta Mercedes ma an ɗaga aksil ɗinta sama da tsakiyar taya, don haka cikinta ba ya dukan kututture ko dutse. Manomin da ya haƙe doyarsa ya rasa mai fito masa da ita bakin titi, ko mai shinkafar fadama da buhunansa ke jiƙewa, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan amfanin irin wannan mota. Haka mutanen ƙauyen da tifa ta kafe musu a tsakiyar rafi ta toshe hanya kwana biyu, sai ga mai mota da na'urar ja mai igiyar ƙarfe ya fizgo ta cikin rabin awa. Mutuncin da mutum ke samu a irin wannan rana ya fi kuɗin man da ya ƙona.

Fa'ida ta biyu ita ce sauƙin ciki. Motocin da aka ƙera kafin 1990 ba su da kwamfuta. Famfon mai na ƙarfe ne, nozul na ƙarfe, wayoyin wuta 'yan kaɗan. Idan ta ƙi tashi, dalilin bai cika wuce uku ba: iska ta shiga layin mai, ko filta ta toshe, ko batir ya yi sanyi. Bakanike mai kunne zai saurari ƙarar injin ya faɗa maka abin da ke damunsa, alhali sabuwar mota sai an nemo mai na'ura ya jona mata kafin a san inda za a taɓa. Magirus-Deutz da MAN KAT1 ta sojojin Jamus, wadda ta fara aiki a 1976, injin Deutz mai sanyaya kansa da iska suke ɗauke da shi, babu lagireto balle ya yi yoyo. A zafin Maris na Kwali wannan ba ƙaramin abu ba ne, muddin ana kakkaɓe ƙurar da ke cushewa tsakanin fikafikan silinda.

Sai dai ba duk motar soja ce daidai ba a wajen gyara, kuma a nan ne mai wayo ke bambanta da mai zumuɗi. Mercedes 911 mai gajeren hanci, wadda direbobi ke kira roka, ta shafe shekaru tana dakon Arewa, kuma injin da ke cikinta, OM352 mai silinda shida, shi ne dai a cikin Unimog 406 da 416, shi ne kuma, da ƙarin turbo, a cikin Mercedes 1017 ta sojojin Jamus. Wanda ya sayi ɗaya daga cikin waɗannan ya sayi motar da tsoffin makanikai suka haddace. Fistin da ringi da gasket ɗinta ana samunsu a Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Apo a cikin Abuja, in ta yi tsanani a aika Ladipo ko Nnewi. Wanda kuwa ya ɗauko Bedford MK ko MJ ta sojojin Ingila ya sani cewa an sayar da sashen manyan motocin Bedford a 1987, kuma kamfanin AWD da ya saya ya durƙushe a 1992. M35 ta Amurka, mai injin da ke shan kusan kowane irin mai, abin sha'awa ce a takarda, amma ƙusoshinta a ma'aunin inci suke, sifanar garejinmu kuwa ta milimita ce. (Wani abin ban mamaki, Steyr ba ta mutu gaba ɗaya ba. A 1983 Sin ta sayi fasahar Steyr 91, kuma daga wannan tsatso ne motocin Howo da ke jigilar siminti a titin Lokoja suka fito. Jikanyar motar Bauci ce ke wuce ta Kwali kullum.)

Akwai kuma koyarwa, wadda ni a ganina ba a ba ta haƙƙinta. Yaron da ya yi shekara yana taya ubangidansa kwance injin dizal, ya ga yadda ake saita bawul, yadda ake fitar da iska daga birki, yadda ake ɗaure kan silinda bi da bi daga tsakiya zuwa gefe, ya samu sana'ar da za ta ci da shi a kan tarakta da janareto da injin ban ruwa. Tsohuwar mota makaranta ce mai haƙuri, domin komai nata babba ne, a fili yake, kuma kuskuren ɗalibi bai cika kashe ta ba. Sannan ga tarihi. Gidan adana kayan yaƙi na ƙasa yana Umuahia, inda ake ajiye motocin sulke da aka ƙera lokacin yaƙin basasa. Amma motocin dako na yau da kullum, waɗanda suka kai abinci da magani da sojoji, 'yan gwangwan ne ke yanka su da wuta suna aunawa a kilo. Duk wanda ya ceci ɗaya daga wuƙar jari-bola ya adana wani abu da jikoki za su iya taɓawa da hannu.

Illa ta farko ba a injin take ba, a launi take. Bature mai wannan sha'awa burinsa ya mayar da mota kore shar irin na soja, da tambari da lambar runduna. A Najeriya wannan laifi ne. Tun 1977, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, akwai dokar da ta hana farar hula tuƙa mota mai koren fentin soja, kuma har yau tana cikin kundin dokokin tarayya. Ko babu doka ma, hankali ya isa ya hana. Yankin Kwali ya sha fama da masu garkuwa da mutane. A watan Yulin 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta rufe Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kwali na wani lokaci saboda barazanar 'yan bindiga a ƙauyukan da ke kewaye. Mutanen ƙauye sun san cewa miyagu kan sa kakin soja. To a ce da magariba wata ƙatuwar koriyar mota marar lamba ta kutso hanyar gona tana ruri, me ake tsammani? Mata za su kwashi yara su yi daji, 'yan banga za su ɗana bindigogin toka, a shingen bincike kuma sojan da ke tsaye ba zai fara da tambayar shekarar da aka ƙera ta ba. Sha'awar da za ta firgita unguwa guda ta tashi daga sha'awa. Akwai kuma ɗaya fuskar: mota mai shiga kowane daji abin kwaɗayi ce ga ɓarayin daji da masu kai musu kaya. Mai ita zai iya ba da haya da zuciya ɗaya, ya wayi gari ana tambayarsa buhunan wa ta ɗauka, ina kuma ta sauke.

Daga launi sai takardu. Kayan da ke da alaƙa da aikin soja ba a shigo da su ƙasar nan sai da takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, ban da ta kwastan. Motar da aka saya a gida kuma dole a ga takardar gwanjo da ke nuna hukuma ce ta sallame ta, lambar shasi da ta injin su dace da abin da ke rubuce. Dillali zai ce maka, “Oga, takarda ba matsala, ƙarfe ne na da, ka dai ji ƙarar injin.” Takarda ita ce matsalar. Motar da ta fita daga bariki ta bayan gida tana iya kai mai saye inda bai zata ba, ko da ya biya kuɗinsa cif. Wani tarkon kuma na motocin Ingila ne: da yawansu sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 2 ga Afrilun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama na titi, kuma ƙa'idojin hanya ba su yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Juya sitiyarin babbar mota mai jan ƙafa huɗu ba aikin mai walda na bakin titi ba ne, ko da ya rantse zai iya.

Batun kuɗi ba ya bukatar tsawaitawa. Irin waɗannan motoci suna shan lita 25 zuwa 40 a kowace kilomita 100, gwargwadon girma da kaya. Man gas ba shi da tallafi tun da daɗewa, kuma a ƙarshen 2023 litarsa ta haura naira 1,000. Ko a wannan farashin, tafiyar kilomita 100 a mota mai shan lita 30 naira 30,000 ce, ba a yi maganar juye da giris ba. Unimog 404, wadda aka ƙera fiye da 64,000 daga 1955 zuwa 1980, fetur take sha, shi ma an cire masa tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Faɗuwar naira daga Yunin 2023 ta ninka kuɗin duk abin da za a yi oda daga waje. Taya mai lamba 14.00R20 ba kowane shago ke da ita ba, kuma ba ɗaya za ka saya ba. Riƙe motar nan kamar kiwon doki ne: ko an hau ko ba a hau ba, sai ya ci.

Hasali ma zaman ya fi tafiyar lahani. Abin da ke ruɗin masu saye shi ne agogon tafiya. Motar da ta shekara talatin a ma'ajiyar sojojin Turai tana jiran yaƙin da bai zo ba takan zo da kilomita kaɗan, sai a ɗauka sabuwa ce. Ƙarfen kam sabo ne. Amma duk wata roba da ke jikinta ta tsufa: tiyon birki, da sil na aksil, da roban famfon birki, da tayoyi. Taya na iya zama da zane rangaɗau alhali gefenta ya tsattsage. Lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma Hukumar Kiyaye Haɗura ta daɗe tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Tankin da aka bari rabi a damina yana tara ruwa da dauɗa, su toshe filta, su ci nozul. Wutar motar soja kuma bolt 24 ce, batir biyu a jere. Yaran mota sukan jona rediyo ko cajar waya a kan batir ɗaya, sai ɗayan ya cika ya ƙone ɗayan kuma ya mutu, a yi ta zargin mai sayar da batir.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rai. Wasu tsoffin motocin, irin M35A2, layin birkinsu ɗaya ne tal; tiyo guda ya fashe, ƙafa ta tafi ƙasa, babu sauran abin tsayawa. A yi tunanin haka a titin Abuja zuwa Lokoja ranar kasuwa, da 'yan acaɓa da masu tallan doya a bakin kwalta. Motar ba ta gudu, da ƙyar take kai kilomita 80 ko 90 a awa, fitilunta na baya ƙanana ne, ga tireloli da motocin haya suna tahowa a sukwane cikin dare. Babu bel a yawancinsu, tsayinsu kuma na sa su kife idan aka sha kwana da kaya a sama. Sannan ga rim mai zobe, wanda ake harhaɗawa gida biyu ko uku. Idan zoben bai zauna daidai ba aka ɗura iska, yakan fizge da ƙarfin da ke fasa kan mutum, kuma wanda abin ke samu ba mai motar ba ne, mai faci ne ko yaronsa da ke durƙushe a kai. Ƙa'ida ita ce a sace iskar gaba ɗaya kafin a kwance, a kuma ɗaure tayar da sarƙa ko a sa ta a kejin ƙarfe kafin a hura, mai hurawa ya tsaya a gefe da dogon tiyo. Fatar birki da ta kuloci na da kuwa suna ɗauke da asbestos, ƙurar da ke maƙalewa a huhu ta haifar da ciwon daji bayan shekaru. Al'adar garejinmu ta hure gangar birki da iska ita ce mafi munin abin da za a yi. A jiƙa da ruwa a goge. Baƙin man da aka juye kuma kada ya bi kwata, domin kwatar Kwali rafi take nufa, rafin nan ake wanka, a nan shanu ke sha.

Akwai illar da mai motar ba ya gani domin tana bayansa. Ƙarfin da ke fitar da ita daga taɓo shi ne ke haƙe hanya. Mota mai tan goma ta bi jar ƙasa jiƙaƙƙiya sau biyar, sai ta bar ramuka biyu masu zurfi da doro a tsakiya, waɗanda ƙaramar mota ba ta iya bi, mai babur ma sai ya sauke matarsa ya tura. Kwalbatin da ƙauye ya yi karo-karo ya gina ba don irin nauyinta aka yi shi ba. Ita ta wuce, mai naƙuda ta kwana a hanya. Kuma dajin da rashin hanya ya kare shekara da shekaru, motar soja ce ke buɗe shi ga masu zarto da masu gawayi. Kaɗanya da ɗorawa da suka yi shekara hamsin suna ciyar da mata da man kaɗe da daddawa, rana ɗaya suke komawa buhun gawayi a kan hanyar Gwagwalada. Laifin na mutum ne, gaskiya, amma ba don motar ba da hannunsa bai kai can ba.

Na bar batun gida a ƙarshe don kowa ya san nasa. Mai iyali da zai kashe kuɗin makarantar yara a kan famfon mai na motar da ba ta fita, ba sai malami ya gaya masa sunan abin da ya yi ba.

Idan aka ɗora duka a sikeli, ga inda na tsaya. Riƙe motar soja irin na Turawa, a yi mata koren fenti a ajiye don kallo, bai dace da Kwali ba. Doka ta hana, halin tsaro ya hana, aljihu ma ya hana. Amma riƙe ta a matsayin motar gona da mai ita ke ƙauna, yana gyara ta da hannunsa, yana koya wa yara, tana fita da kaka ta ɗauko doya da dawa ta biya kuɗin manta, wannan abu ne mai kyau, kuma fa'idarsa ta rinjayi illarsa. Mai niyya ya nemi mai injin Mercedes, ya tafi da tsohon bakanike ranar ciniki, kada ya biya ko sisi sai ya ga takardar gwanjo ko ta kwastan ya gwada lambar shasi da idonsa. Kafin ta taka kwalta ya sauya mata launi zuwa fari ko shuɗi ko ruwan ɗorawa, ya kankare duk wata alamar runduna, ya yi mata lamba da inshora, ya sabunta tiyon birki da tayoyi. Ya je ya gaida mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankinsa su san motar da mai ita. Idan aka yi ruwa mai yawa kuma, ya haƙura kwana biyu hanya ta sha iska, sai fa idan rai za a ceto.